Zaglul da Yarjejeniyar Shagon Rake

Shekara ashirin da biyu ina ɗinki a layin bayan tashar jirgin ƙasa ta Damanhur, kuma duk tsawon wannan lokaci, in na ɗaga kai daga keke, abin da idona ke fara sauka a kai shi ne shagon matse rake na Ammu Bayumi, wato Baffa Bayumi. Saboda haka wannan labari ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

Tsayuwar shekara talatin a gaban inji ta cinye wa Bayumi gwiwoyi. Likita a Iskandariya ya ce sai an yi aiki, bayan aikin kuma wata huɗu ba tsayuwa. Ɗansa Adil yana can Kuwait. Shagon rake kuwa in ka rufe shi wata huɗu, masu saye za su koma wajen na bakin titi, kuma ƙafar da ta saba da wata ƙofa ba ta dawowa. Matarsa, Ummu Adil, ta ce a nemi mutumin da zai riƙe. Bayumi ya ce ai ga Zaglul yana zaune ba aiki.

"Wane Zaglul?" in ji ta.

"Zaglul nawa muke da su?"

"Ɗaya ne, shi ma ya yi yawa."

Zaglul abokin Bayumi ne tun suna bautar soja. Ya yi sana'a bakwai, kowacce ta mutu a hannunsa, kuma kowacce laifin gwamnati ne. Abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne wata goma sha ɗaya da ya yi yana masinja a kotu, yana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, yana kai wa magatakarda shayi. Tun daga nan ba ya buɗe baki sai ya ce, "Mu a kotu." In ka kira shi Usta, kamar yadda ake kiran kowane mai sana'ar hannu, ba zai waiwayo ba. Sai ka ce Ustaz.

Bayumi ya kira shi shago, ya matsa masa rake mai sanyi, ya kira ni in zama shaida.

"Zaglul, ɗan'uwana, maganar ba tsawo. Ka riƙe mini shago wata huɗu. Abin da Allah ya kawo, rabi naka rabi nawa. Kawo hannu mu karanta Fatiha."

Zaglul ya ɓoye hannunsa a baya kamar wanda aka miƙo wa garwashi.

"Abu Adil, Fatiha tana da falala, ban ce ba. Amma mu a kotu mun ga 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya sun shaƙe wuyan juna a kan tukunya. Saboda me? Babu takarda! Sai an rubuta."

"To, Sabri ya ba mu takardar awo mu rubuta layi biyu."

"Layi biyu!" Ya dube ni, ya yi dariyar tausayi. "Ka ji jahilci, Usta Sabri? Layi biyu ko akuya ba a sayarwa da su. Ku ba ni kwana uku. Zan rubuta muku yarjejeniyar da in lauyoyin Alƙahira suka gani za su koma makaranta."

Kwana uku suka zama tara. Ya kama tebur guda a gidan shayin Makram, ya baza takardu, ya saƙale alƙalami a bayan kowane kunne. Shayi ɗaya yake sha daga safe zuwa la'asar, har Makram ya ce in an gama a rubuta masa tasa yarjejeniyar ta hayar kujera. Ya ari tef ɗin awona ya auna shagon tsawo da faɗi. Ya ƙirga kofuna, ya ba kowanne lamba. Ranar aikin asibiti tana matsowa, Bayumi yana ɗingishi a gaban inji, Zaglul yana biye da shi da tambayoyi.

"Wannan magen, ta shago ce ko ta layi?"

"Mage ce, Zaglul."

"Dole a fayyace. In ta shago ce, kaya ce ko ma'aikaciya? In kaya ce, sai a yi mata kuɗi. In ma'aikaciya ce, wa ke da alhakin abincinta?"

Makram ya ɗaga murya daga ƙofarsa. "Ustaz, rubuta ta a ma'aikaciya. Ita dai mun taɓa ganin ta kama wani abu."

Bayumi ya roƙe shi ya ajiye alƙalami ko na awa ɗaya ya zo ya koyi inji. Zaglul ya ce wanda ya san yadda ƙasa ke tafiya ba a koya masa yadda ƙarfe biyu ke juyawa.

Ranar Talata aka kira Bayumi Iskandariya gwajin jini. Ummu Adil za ta raka shi. Ba yadda za a yi, sai ya bar wa Zaglul makulli na yini ɗaya. Ya tsaya a bakin tasi yana ba shi umarni, Zaglul yana gyaɗa kai yana kallon sama.

Ƙarfe bakwai sai ga shi cikin kwat mai ruwan toka da jan laktaye, a tsakiyar watan Yuli. Ya liƙa takarda a ƙofa: SABUWAR GUDANARWA. Sannan ya tsaya a tsakiyar layi ya yi mana bayani cewa abin da ya hana Bayumi arziki shekara talatin shi ne rashin tsari. Mutum ya zo, a matsa masa kofi ɗaya, wani ya zo, a sake tayar da inji. Ɓarnar wuta! Shi zai matse na yini duka yanzu, ya cika bokitai, kowa ya zo a kamfata masa.

Na ce, "Ustaz, ruwan rake ba ya jira. Minti kaɗan yake baƙi."

"Usta Sabri, na taɓa zuwa na ce maka ga yadda ake ɗinka aljihu?"

Na koma kan kekena.

Ya cika bokiti huɗu. Kafin ƙarfe tara, duk huɗun sun koma kalar ruwan kwata. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ke shan kofi biyu kowace safiya ya leƙa, ya ja da baya.

"Wannan mene ne?"

"Rake ne da ya huta. Haka manya ke shan sa a Iskandariya."

"To a aika musu." Ya wuce bakin titi.

Hantsi ya yi, ƙudan Damanhur kaf suka sami labari. Zaglul yana korar su da fayil sai ga Abul Makarim, mutumin kudu mai rawani da gashin baki kamar ƙahon sa, ya tsayar da keken jakinsa shaƙe da rake. Shekara ashirin yana kawo wa Bayumi kaya, ba a taɓa rubuta ko harafi tsakaninsu ba. Ya yi sallama ya fara kwance igiya.

"Dakata!" in ji Zaglul. "Ina takardar kaya?"

"Wace takarda?"

"Wadda ke nuna kara nawa ne, daga gonar wa, kuma ba na sata ba ne."

Makram ya ajiye farantin shayi a hankali. Wanda ya san mutanen kudu ya san ka zagi gemun mutum ya fi sauƙi da ka ambaci sata a kusa da kayansa.

Abul Makarim ya dube shi daga laktaye zuwa takalmi. "Kai ɗan wa ne?"

"Ni ne manaja."

"Manaja, koma ciki ka ɗauko alƙalami. Zan sauke maka ka ƙirga da kanka."

Zaglul ya shiga yana murmushin nasara. Abul Makarim ya juya keken, ya ɗaga hannun keken sama, ya juye rake kaf a bakin ƙofa, tun daga ƙasa har kusa da rufi. Ya hau jakinsa ya tafi ko waiwaye babu. Daga bayan tarin muka ji murya.

"Jama'a, ku shaida! Wannan tsare mutum ne ba bisa ƙa'ida ba!"

"Ƙirga, Ustaz!" in ji Makram. "In ka kai na ƙarshe za ka ga ƙofa."

Sai da muka bar shi ya yi gumi, sannan muka janye masa hanya. Ya fito kwat duk ganye. Kowa ya zaci ya saduda. Ina! Ya ce tunda jama'a sun taru, zai nuna mana yadda ake matse rake a ilmance. Ya kunna inji, ya ɗauki kara uku a haɗe, ya sunkuya yana bayani a kan yadda haƙoran ke kamawa. Haƙoran suka kama. Amma ba rake kaɗai ba, har da jan laktayen.

Injin Bayumi tsoho ne, ba ya sauri, kuma ba ya fasawa. Muka ga kan Zaglul yana sauka a hankali kamar mai ruku'u.

"Ku kashe! Ku kashe shi!"

"Ina makunnin?"

"Ban sani ba!"

Na tsallake raken da almakashi a hannu, na datse laktayen dab da maƙogwaro. Ya faɗi zaune cikin bokiti na uku. Inji ya haɗiye sauran, ya fito da shi ta baya a matse, ya ɗiga wani jan ruwa a kofi. Makram ya ɗaga kofin ya ce wannan shi ne ruwan manaja, wa zai fara?

Da Bayumi ya dawo da yamma ya ga shago, sai ya zauna a kan akwati ya riƙe gwiwa. Ummu Adil ce ta yi magana.

"Ka ga abokinka?"

Zaglul ya riga shi amsawa. "Ummu Adil, duk abin da ya faru yau ya faru ne saboda ba a sa hannu ba. Ba ni da cikakken iko. Ranar Alhamis za a sa hannu a gaban jama'a, daga nan za ku ga aiki."

Ta buɗe baki, Bayumi ya ɗaga mata hannu. Asabar za a kwantar da shi, ba shi da wani mutum, kuma shi irin mutanen nan ne da in sun ci gishiri da kai sau ɗaya sai kabari ya raba ku.

Alhamis bayan la'asar Zaglul ya yi hayar kujeru talatin da lasifika. Ya shimfiɗa koren ƙyalle a tebur. Ya gayyato Ustaz Hilmi, tsohon malamin Larabci da ya yi ritaya, ya karanta wa jama'a, don a ji daɗin nahawu. Yarjejeniya shafi goma sha huɗu, an buga ta a na'ura, an sa mata bango. Har hatimi ya sa aka sassaƙa masa mai ɗauke da sunansa da hoton ma'auni. Tun kafin a fara ya bi kowane shafi ya sa hannu, ya doka hatimi, tebur na girgiza.

"Mai gaskiya ba ya jira a karanta," in ji shi a lasifika. "Bismillah, Ustaz Hilmi."

Ustaz Hilmi ya gyara tabarau. "Yarjejeniya tsakanin ɓangare na farko, Ustaz Zaglul Abdul Mawla, masanin harkokin shari'a, da ɓangare na biyu, Bayumi mai rake."

"Mai shago ne na biyu?" in ji Ummu Adil daga kujerar gaba.

"Tsarin girma ne kawai," in ji Zaglul. "A da shi na sa a na farko. Jiya na duba na ga bai dace mai ilimi ya zo a bayan mai inji ba. Na ce wa mai bugawa ya sauya sunayen a sama. Ci gaba, Ustaz."

Ustaz Hilmi ya dube shi ta saman tabarau, sannan ya ci gaba.

"Sharaɗi na ɗaya. Ɓangare na farko shi zai samar da shago, da inji, da kofuna arba'in da ɗaya, da mage."

Zaglul yana gyaɗa kai, ido a lumshe, yana jin daɗin kalmominsa.

"Sharaɗi na biyu. Ɓangare na farko shi zai biya haya da wuta da ruwa da gyaran inji. Sharaɗi na uku. Duk asarar da aka yi, ko ta ganganci ko ta ƙaddara, har da wadda ta auku ranar Talatar da ta wuce, tana wuyan ɓangare na farko."

Makram ya fara tari. Wani a baya ya ce, "Allahu Akbar, karamci!" Zaglul ya buɗe ido ɗaya.

"Sharaɗi na huɗu. Ɓangare na farko, saboda tsufa da raunin fahimtarsa ga zamani, ba zai shiga shago ba, ba zai taɓa inji ba, ba zai ba da shawara ba, sai da rubutaccen izinin ɓangare na biyu."

Layi ya fashe da dariya. Zaglul ya miƙe tsaye.

"Tsaya! Akwai kuskuren karatu!"

"Shekara talatin da biyar ina koyar da karatu, ɗana," in ji Ustaz Hilmi. "Zauna. Sharaɗi na biyar. Riba za a kasa ta uku. Kashi biyu na ɓangare na biyu ne, saboda basirarsa da darajar sunansa. Kashi ɗaya na ɓangare na farko."

A nan dariyar ta ɗan lafa, don kowa ya gane yadda aka so abin ya kasance kafin a sauya sunaye. Bayumi ya juyo a hankali ya dubi abokinsa.

"Rabi da rabi na ce maka, Zaglul."

"Abu Adil, wannan salon rubutu ne. Mu a kotu akan fara da sama, sannan a sauko."

"Kuma ni ne mai raunin fahimta?"

"A'a, ai ga shi an karanta, ni ne!"

Dariyar ta dawo, har mai hayar kujeru ya riƙe ciki. Zaglul ya kai hannu zai fizge takardun, Ummu Adil ta riga shi, ta ɗora jakarta a kai.

"A ƙarasa mana. A banza muka biya kuɗin mota muka zo?"

"Gidanki yana saman shago, Ummu Adil," in ji Zaglul.

"To na sauko matakala. Karanta, Ustaz."

Ustaz Hilmi ya buɗe shafin ƙarshe. "Sharaɗi na arba'in da bakwai. Duk ɓangaren da ya sa hannu sannan ya nemi janyewa, ko gyara harafi ɗaya, zai yanka rago ya ciyar da layi, kuma a kira shi mayaudari a gaban shaidu." Ya juya takardar ga jama'a. "Ga sa hannu, ga hatimi, sau goma sha huɗu."

"Rago! Rago!" Makram ya fara buga faranti da cokali, layi ya ɗauka.

Ummu Adil ta zare alƙalami daga bayan kunnen Zaglul ta miƙa wa mijinta. "Sa hannu, Abu Adil. Tun da na aure ka ban taɓa ganin ciniki mai kyau irin wannan ba. Zai biya haya, zai biya wuta, kuma ba zai shigo ba."

Zaglul ya ƙwace lasifika. Gumi ya jiƙa kwat har baya. Ya ce yarjejeniyar ba ta inganta ba, saboda wanda ya rubuta ta ba lauya ba ne. Ya ce ko takardar sakandare ba shi da ita. Ya ce a kotun ma shayi yake kaiwa, kuma korar sa aka yi don ya zuba wa magatakarda a fayil. Duk wannan a lasifika, har masu jiran jirgi a tasha suna ji.

"A rubuta wannan ma," in ji Makram, "ya doka hatimi."

Bayumi ya daɗe yana juya alƙalamin a hannu. Sannan ya ajiye shi a kan koren ƙyallen.

"Ba zan sa ba. Mutumin da ya goya ni a bayansa a sahara lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni, ba zan ci ragonsa ta wannan hanya ba. Ko da yake ragon ma ba shi da shi."

Zaglul ya zauna. Ya sunkuyar da kai yana murza hatimi.

"To shagon fa?" na tambaya. "Jibi ne asibiti."

Ummu Adil ta miƙe, ta gyara mayafi. "Shekara talatin ina kallon injin nan daga taga, na san inda makunninsa yake. Ni zan tsaya. Amma ba zan iya ɗaukar rake da kankare shi ba. Usta Sabri, ba ni takardar awo."

Na yago mata shafi daga littafina. Ta ba Ustaz Hilmi ta ce ya rubuta abin da za ta faɗa, kada ya ƙara nahawu.

"Ummu Adil ta riƙe inji da aljihun tebur. Zaglul ya ɗauko rake, ya kankare, ya wanke kofuna, ya je ya ba Abul Makarim haƙuri. Yana da kashi ɗaya cikin uku, tunda shi ya yanka wa kansa. Abu Adil ya kwanta ya warke."

Ta sa hannu. Bayumi ya sa. Ni da Makram muka sa a shaidu. Aka tura wa Zaglul. Ya ɗauki takardar, ya duba gaba, ya duba baya, ya ɗaga ta sama wajen haske. Na ga kafaɗunsa sun fara dawowa daidai.

"Ba laifi," ya ce. "A taƙaice dai tsarina ne aka bi. Sai dai akwai giɓi babba, Ummu Adil. Ba a fayyace ɓangarori ba. Ni wane ɓangare ne a nan?"

"Kai ne na farko, Ustaz."

Fuskarsa ta washe. Ya dubi jama'a, ya doka hatimi da ƙarfi.

"Na farkon zuwa," in ji ta, tana naɗe takardar ta sa a jaka. "Ƙarfe shida. Tsintsiya tana bayan ƙofa."